Kaftin Zai Hau Jirgi

Ranar da bizar Mujitaba ta fito, babu wanda ya sha shayi da daɗi a teburin Malam Idi. Tun da sassafe ya zo ya kame tsakiyar benci, ya ɗora fasfo a cinya yana shafa shi kamar jariri. Duk wanda ya miƙo hannu zai taɓa, sai ya ce ya je ya wanko hannu tukuna.

Ni maƙwabcinsa ne a nan Ba'awa, katanga ɗaya ta raba mu, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba. Mujitaba irin mutanen nan ne da ba a taɓa ba su labarin da ba su riga sun sani ba. Kano ce iyakar tafiyarsa a duniya, ita ma sau uku, amma in ka ce masa ka je Legas sai ya gyara maka sunan unguwar da ka sauka. Shekara huɗu yayan matarsa, Alhaji Imran, yana fafutukar samo masa aiki a wata gonar dabino a Saudiyya. Da aikin ya samu, Alhaji ya bugo waya ya ja masa kunne: jirgi ranar Alhamis ta sama ne, in ya kuskure shi an ba wani gurbin, kuma kada ya ƙara kiransa.

"Ni da Kaftin za mu tafi," in ji Mujitaba, yana hura shayi.

Kaftin bunsuru ne. Uwarsa ta mutu yana ɗan kwana uku, Mujitaba ya raine shi da madara a kwalba, tun daga nan suka zama kamar mutum da inuwarsa. Baƙi ne wuluk, mai gemu, warinsa kan riga shi isa wuri. Abu ɗaya ya iya a duniya, kuma da shi Mujitaba ya ishe mu. Ka san mutumin ba ya yarda da aljihu, komai nasa a cikin hula yake, daga goro har katin asibiti. To sai ya riƙa sa ƙuli-ƙuli a ciki, ya kifa a ka, ya durƙusa ya ce, "Kaftin, a gai da manya!" Sai bunsurun ya sa haƙora ya cire hular, ya yar da ita ƙasa, ya cinye abin da ke ciki. Mun ga wannan wasa ya fi sau ɗari, kuma kullum sai an tilasta mana mun yi mamaki.

Malam Idi ya ajiye ludayi. "Bunsurun? A jirgin sama?"

"To a jaki zan kai shi? Turawa da karnukansu suke hawa, na gani a waya. Kare fa, Malam Idi! Kaftin kuwa halal ne tun daga ƙaho har kofato."

"Kujera za ka kama masa, ko a cinya za ka riƙe shi?"

"Wannan tsakanina da direban jirgin ne. Kai dai zuba shayi."

A gida ma ba ta sauya zane ba. Ina jin su ta katanga.

"Baban Ramla," in ji matarsa Asibi, "ni da 'ya'yanka ka ce sai bayan shekara biyu za ka aiko mu biyo ka. Shi kuma bunsuru yau-yau?"

"Ku ai kuna da hankali, za ku yi haƙuri. Shi wa zai yi masa bayani? Ni dai ƙafata ƙafarsa. Ba zan tafi in bar shi ba."

"Wallahi kada ka ɓata wa Yaya wahalarsa. Wannan aikin shi muke jira a gyara rufin ɗakin nan kafin damina."

"Asibi, harkar jirgi ce. Ki bar wa waɗanda suka sani."

Washegari ya ɗora Kaftin a acaɓa, tsakaninsa da ɗan acaɓar, suka nufi Kiru wurin malamin dabbobi, Malam Ghali. Na bi su a baya, don ni ba a yin irin wannan ba ni. Malam Ghali mutum ne mai haƙuri, ya zaunar da shi ya yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce dabbar da za ta fita waje sai an yi mata allurar rigakafi, an ba ta takardar lafiya, ƙasar da za ta je ta ba da izini, an sa mata wata 'yar na'ura mai lamba a ƙarƙashin fata. Wadda ake bari ta shiga wurin fasinjoji kuwa irin su kyanwa ce, a cikin keji, kuma galibi kada ta wuce kilo takwas.

"Shi bunsuru a wurinsu dabbar kiwo ce," in ji Malam Ghali. "Hanyarsa daban ce, kuma wata da watanni take ci. Nan da Alhamis ba zai yiwu ba. Ka ji ni ko?"

"Na ji, likita."

Da muka fito sai ya dafa kafaɗata. "Ka ji ko? Kilo takwas kawai suke so. Sauran duk na san su."

Allura dai an yi, an ba shi kati. Sauran takardun kuwa da kansa ya haɗa. Ya kai Kaftin wurin mai hoto, ya ce hoton fasfo yake so, kunnuwa biyu su fito, kuma ban da dariya. Sau tara ana ɗauka. Kafin a sami mai kyau Kaftin ya cinye gefen farin ƙyallen da ake rataya wa a baya, mai hoto ya rako su har titi da tsintsiya. Daga nan ya je wurin mai unguwa neman takardar shaidar cewa Kaftin ɗan asalin Ba'awa ne, mai kyawun hali, bai taɓa shiga gonar kowa ba. Mai unguwa ya rubuta, amma ya ƙara a ƙasa da babban rubutu: "Ban da abin da ya faru a gonar wakena bara." Maganar na'ura mai lamba kuwa ba ta ba shi wahala ba. Ya ciro tsohon layin wayarsa, ya kai wa baduku ya ɗinke a fata kamar laya, ya rataya wa bunsurun a wuya.

"Lamba goma sha ɗaya ce a ciki," ya ce wa Malam Idi. "Nasu na Turawa ma ban sani ba ko ta kai haka."

"In ya ɓata sai a kira shi ke nan?"

"Ka fara ganewa."

Ranar Asabar aka shiga horo. Mujitaba ya ce abu biyu ne ke kayar da baƙon jirgi, tsayi da ƙara, kuma shi ba zai bari Kaftin ya kunyata shi a gaban Larabawa ba. Ya zaɓi tsamiyar da ke bakin hanya, wadda Hajiya Zuwaira ke tuyar ƙosai a ƙarƙashinta shekara ashirin. Ya sa bunsurun a buhu, kai a waje, ya ɗaura igiya, ya jefa ta kan reshe, ya shiga ja.

"Mujitaba, me nake gani haka?" in ji Hajiya Zuwaira.

"Tashi ne, Hajiya. Yanzu muna kan Zariya."

"Zariya a hanyar Makka take?"

"Ta sama ai duk hanya ɗaya ce."

Kaftin ya kai kamar tsayin mutum biyu, ya leƙo ƙasa, ya ƙwalla wata ƙara da ban taɓa jin dabba ta yi ba. Buhun kuwa tsoho ne, gindinsa a huje. Sai bunsuru ya yi abin da bunsuru ke yi in ya tsorata, ya yi shi da yawa, kuma daidai kan tiren ƙosan Hajiya. Kafin ta gama salati ya yi wani juyi, buhu ya yage, ya faɗo ta cikin rumfarta ya dire a kwandon albasa. Bai ji ciwo ko kaɗan ba, har ya tsaya ya ɗanɗana albasar. Hajiya Zuwaira ta ɗauki matsami ta bi Mujitaba, da tsufanta da komai, har ƙofar masallaci.

"Saukar gaggawa ke nan," ya gaya mana daga baya, yana shafa ƙeya. "Ko manyan jirage suna yi."

Lahadi kuma ranar ƙara ce. Ya kai shi gidan injin niƙa, ya ɗaure shi a jikin ƙofa, ya ce wa mai inji ya tayar ba tare da sanarwa ba. Mata sun jera kwanukan gari ana jiran layi. Inji ya ce tatatata, Kaftin ya tsinke igiya. Ya faɗa kwanon farko, ya fito ya faɗa na biyu, ya bi ta kan na uku, ya fita da gudu fari fat tun daga gemu har wutsiya. Mata bakwai suka biyo shi da ihu, Mujitaba a gabansu, shi ma rabinsa gari. A guje suka wuce teburin mai shayi, amma sai da ya sami bakin magana.

"Kun gani? Tun bai je ba hasken Makka ya fara kama shi!"

Ran nan gidaje bakwai ba su tuƙa tuwo da wuri ba, kuma Asibi ce ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ba da haƙuri. Na ga lokacin da ta dawo, idonta ya yi ja. Gaskiya ta ba ni tausayi.

Saura maganar nauyi. Ranar Litinin muka kai shi sikelin masu hatsi. Aka rataya, allura ta tsaya a kilo talatin da ɗaya.

"Sikelinku na da aljanu," in ji Mujitaba.

Aka sake. Talatin da ɗaya.

Sai ya sa wa Kaftin azumi. Daga Talata ba dusa, ba harawa, ba ƙuli-ƙuli, sai ruwa. Ya ce da ma ba a son mai shiga jirgi ya cika ciki. Bunsuru ya wuni yana kuka, ya ci igiyar shanya, ya ci rabin takalmin Ramla. Ranar Laraba da la'asar aka koma sikeli: talatin da rabi.

"Madalla," in ji Malam Idi. "In ya dage a haka, babbar salla ta baɗi zai kai takwas."

"Sikelin filin jirgi na Turawa ne. Ba ya ƙari irin na 'yan hatsi."

Alhamis ta zo. Aka ɗauki shatar bas guda don rakiya, muka cika ta har ƙofa: ni, Malam Idi, Asibi, 'yan uwa, har da Hajiya Zuwaira, wadda ta ce ba don Allah za ta je ba, so take ta ga ƙarshen abin da idonta. An yi wa Kaftin wanka da sabulu, an sa masa lalle a ƙafafu, an fesa masa turare, sai warin ya zama iri biyu.

Asibi ta saya wa mijinta wata 'yar jakar fata mai zif don ya sa fasfo da tikiti. Da za mu tashi ta ga jakar ta kumbura, ta buɗe. Hotunan Kaftin ne a ciki, da katin allura, da takardar mai unguwa.

"Baban Ramla, naka fa?"

Ya nuna kansa. Ya sa wata doguwar hula sabuwa, ta zauna ɗas.

"A hula? Fasfon?"

"Takardunsa sun fi nawa yawa, shi ya fi bukatar jaka. Shekara arba'in kan nan bai taɓa ɓatar da komai ba."

A hanya ya yi ta yi mana bayanin yadda ake buɗe tagar jirgi in zafi ya yi yawa. Kaftin kuwa yunwa ta kai masa ko'ina. Kafin Kwanar Dangora ya cinye soson kujerar da ke gabansa, kafin mu shiga Kano ya kama bakin mayafin Hajiya Zuwaira, sai da mutum biyu suka ƙwace.

A filin jirgi, a ƙofar da matafiya ke shiga, akwai wata ma'aikaciya cikin kaki, mai fara'a. Ta ga mutum ya doso da babbar riga da jaka da bunsuru mai lalle, bayansa mutum goma sha takwas.

"Sannu da zuwa, Malam. Wannan fa? Na sadaka ne?"

"Fasinja ne, ranki ya daɗe. Tare muke."

Ta dube shi, ta dubi Kaftin, ta dube mu. Mu duka muka kau da kai.

"Malam, ba a shiga da bunsuru."

Ya zuge jaka ya miƙa mata takardu ɗaya bayan ɗaya. Ta duba hoton, ta cije leɓe. Ta karanta takardar mai unguwa har zuwa maganar gonar wake, sai ta juya baya kafaɗunta na rawa. Ta kira abokan aikinta biyu, su ma suka karanta. Matafiya suka fara tsayawa, wasu suka ɗaga waya.

"Wannan na wuyansa kuma mene ne?"

"Na'urarsa ce. Lamba goma sha ɗaya."

"Malam, don Allah ka saurare ni," ta ce, tana share ido. "Ba zai hau ba. Ka ba 'yan uwanka su koma da shi, kai ka shiga. An kusa rufe karɓar kaya."

Asibi ta matso. "Baban Ramla, don girman Allah ka ba ni igiyar nan. Zan kula da shi kamar ɗana, na yi maka alkawari. Ka shiga."

Da ya ba ta igiyar nan, da yanzu yana can yana aiko mana da dabino. Amma mutane sun taru, wayoyi na kallonsa, kuma Mujitaba bai taɓa barin taro ya watse bai yi bajinta ba.

"To a sa shi a but," ya ce.

"Ba a sa shi."

"A ɗaure shi a sama, ni na yarda. Ya yi horo a tsamiya."

"Malam, jirgi ba motar kasuwa ba ne. Dabba irin wannan ba ta da natsuwar da za a—"

"Natsuwa?" Mujitaba ya ja da baya kamar an mare shi. "Kaftin ne ba shi da natsuwa? Ranki ya daɗe, a cikin mutanen da kika bari suka wuce ɗazu, akwai wanda ya gaishe ki? Ku matsa! Ku ba mu fili ku ga tarbiyya!"

Na gane abin da zai yi. Asibi ma ta gane, ta buɗe baki, amma ya riga ya tattare riga ya durƙusa.

"Kaftin, a gai da manya!"

Bunsurun da ya kwana biyu bai ga ƙuli-ƙuli ba ya ji kalmar da ya fi so a duniya. Ya yi tsalle ɗaya ya cire hula, ya yar. Tikiti ya fara ɗauka, ya shige kamar ganyen zogale. Mujitaba na durƙushe yana murmushi, yana kallon jama'a, yana jiran tafi.

"Fasfon!" Asibi ta ƙwalla. "Fasfon, Baban Ramla!"

Sai a lokacin ya shafa kansa. Ya yi kukan kura ya kama gefen fasfo, Kaftin ya riƙe ɗaya gefen. Mutum na ja, bunsuru na ja. Malam Idi ya kama ƙafafun baya, ni na kama ƙaho, Hajiya Zuwaira na cewa a bar shi ya ci, hakkin ƙosanta ne. Aka ji ƙyat! Mujitaba ya faɗi zaune da bango a hannu, Kaftin ya koma gefe yana tauna, ido a lumshe.

Ma'aikaciyar ta karɓi abin da ya rage, ta juya shi a hankali. Yanzu ba ta dariya.

"Tikiti ba matsala, ana sake bugawa. Amma shafin hotonka saura kunne ɗaya. Ina takardar biza?"

"A tsakiya na naɗe ta," in ji Mujitaba da wata 'yar murya.

Muka dubi Kaftin gaba ɗaya. Ya haɗiye.

"Ranki ya daɗe," in ji Mujitaba, "tunda tana cikinsa, kuma tare muke, in aka sa shi a na'urar nan taku mai ganin cikin kaya ai za a iya karantawa."

"Allah ya ba ka haƙuri, Malam. Da wannan fasfon ba ka fita yau."

Muna tsaye a wurin ajiye motoci jirgin ya tashi. Ya bi ta kanmu da ƙara, kuma abin haushi, Kaftin ko gezau bai yi ba. Horon dai ya kama. Ana cikin haka wayar Mujitaba ta yi ƙara, ya duba, ya miƙa wa Asibi kamar garwashi. Alhaji Imran ne, yana tambaya ko an shiga lafiya.

"Yaya," in ji ta, hawaye na zuba, "wanda bizar ke cikinsa yana nan kusa da ni, yana tuƙa."

Muka koma bas. Muka fita Kano, muka wuce Kura. Ni har na fara jin tausayin Mujitaba, don ya haɗa kai da gwiwa, hular a hannu. Sai da muka karya kwana muka kama hanyar Kiru ya ɗago, ya yi gyaran murya.

"Amma dai ku faɗi tsakaninku da Allah. Duk ƙasar Kiru, har Bebeji, har Tudun Wada, akwai bunsurun da ya taɓa cin biza?"

 Asibi ta dube shi kawai, irin kallon da ya sa na matsa kusa da taga.

Kafin mu isa gida hoton abin ya riga mu zuwa a waya. Yanzu duk Ba'awa Alhaji Kaftin ake kiran bunsurun, shi kuwa Mujitaba yana nan a Mujitabansa. Ran nan da yamma, gab da magariba, na ji motsi na leƙa ta katanga. Asibi ta fito da tabarmarsa da matashinsa ta shimfiɗa su a turke, gefen bunsuru.

"Asibi, mene ne haka?"

"Ka ce ƙafarka ƙafarsa, ba ka tafiya ka bar shi. To Allah ya amsa."

Ya dubi tabarmar. Can ya ce, "To abincina fa?"

Ta koma ɗaki ta fito da doguwar hular nan, ta dire masa a gaba. Ƙuli-ƙuli uku ne a ciki.

"Ga shi nan," in ji ta. "Ka yi sauri, Alhaji Kaftin ya gani."